Turancin Ranar Alhamis

A gidanmu na unguwar Minguettes, a Vénissieux da ke gefen Lyon a Faransa, hawa na bakwai, da harsuna uku muke zaune. Ni mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo ni Villeurbanne, ita ma a gefen Lyon, na gama, na samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje inda muke auna ƙarfin siminti, sai na share wuri na zauna. Matata Bakanuwa ce. Kafin in ɗauko ta, malamar Ingilishi ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da haka ba, duk da cewa a Faransa babu wanda ya taɓa neman ganin takardunta. Yaranmu biyu, 'yar fari da ƙaninta. Da ni suna Hausa da Faransanci, da uwarsu Hausa da Ingilishi, in kuwa faɗa ya haɗa su, duk harshen da ya riga zuwa baki shi ne.

Kalma guda ce muka daɗe muna gardama a kanta ni da matata. A wurinmu mutanen Nijar, in aka ce Turanci, Faransanci ake nufi. A wurinta kuwa Turanci na Ingila ne, saura duk yaren wasu ne can.

Shekarar da tiram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, ya fara hawowa unguwarmu, 'yar farin ta shiga kwaleji, ajin farko bayan firamare. Ba a yi nisa da komawa makaranta ba, lakwal in ji mutanenmu, wata ranar ta dawo ta ajiye jaka, ta tsaya a ƙofar falo.

"Baba, an sa ni a ajin taimako na Turanci. Duk Alhamis, bayan an ci abincin rana a kantin."

Na ajiye kofin shayi na miƙe. Na ce yarinyar da aka haifa a asibitin Lyon, wadda ke gyara mini jinsin kalmomi a gaban baƙi, ita za a koya wa Faransanci? Na ce wannan launin fata ne kawai suka duba. Na kawo tarihin mulkin mallaka, na kawo kakana da ya yi musu aikin tilas, har na fara neman takalmi. Yarinyar ta bari sai da na numfasa.

"Ba Faransanci ba, Baba. Turancin Mama."

Na koma na zauna na ɗauki shayina. Matata, wadda tun ɗazu take cewa in yi haƙuri in bi a hankali, ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce a maimaita mata.

Abin da ya faru ba shi da yawa. A darasin farko malamar Ingilishi ta ce kowa ya faɗi sunansa da shekarunsa. Yara suka yi ta lalube, kalma biyu uku. Da aka zo kan tamu, sai ta miƙe ta zuba: sunanta, unguwarsu, ƙaninta da ke da fitina, hutun da ta yi a Kano wurin kakarta, da yadda akuya ta cinye mata littafi. Ta yi shi da muryar uwarta sak, hawa da sauka irin na mutanen birni. Aji ya fashe da dariya. Malamar ta ce ta zauna, ta ce ba ta gane rabin abin da ta faɗa ba, kuma yaron da ya zo da munanan ɗabi'u a baki ya fi wanda bai san komai ba wuyar gyara.

Matata ta ce in nemo mana randebu, wato lokacin ganawa, da malamar, in kuma ban nemo ba ita ta san hanyar lakwal ɗin.

Muka je wata ranar da yamma. Madam ɗin mace ce da ta manyanta, mai tsabta, da ɗan mayafi a wuya, a kan teburinta akwai kofi mai hoton jar motar nan ta Landan mai hawa biyu. Ta karɓe mu da fara'a irin wadda likita ke yi wa mai ciwon da ba ya warkewa. Ta tambaye ni wane yare muke yi a gida.

"Hausa," na ce.

"Ana rubuta shi?"

Na ce ana rubutawa, har jarida da rediyo.

Ta ce kai, wannan arziki ne babba, ita tana matuƙar son al'adu. Sai dai kan yaro ƙarami ne. In aka cusa masa yaren gida, aka ɗora Faransanci, aka kuma ƙara wani abu mai kama da Ingilishi, to komai zai cakuɗe. Shawararta ita ce mu riƙa yin Faransanci zalla a gida, Ingilishin kuma mu bar wa waɗanda suka karance shi.

Faransancin matata na kasuwa ne da asibiti, amma wannan ta ji shi sarai. Ta gyara zama, ta gyara mayafi, ta buɗe baki da Ingilishi. Na san muryar. Ita ce wadda take yi wa 'yan mata jawabi da ita a filin taro. Ta yi magana mai tsawo, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Madam ta ƙura mata ido tana gyaɗa kai a inda bai kamata ba. Da matata ta dasa aya, Madam ta mayar da nata Ingilishin, shi ma mai tsawo, tana taɓe leɓe a kan kowace kalma.

Mu Hausawa muna da tsohuwar rigima tsakanin "p" da "f", duk wadda ta zo mana ita muke sakawa. Su kuma Faransawa duk "h" da suka gamu da ita haɗiye ta suke yi, inda Baturen Ingila ke sa harshe tsakanin haƙora kuma su yi ƙugin zuma. Ga malaman Ingilishi biyu a ɗaki guda, kowace da shekarunta a gaban allo, kuma babu wadda ta gane 'yar uwarta.

Madam ta juyo gare ni da Faransanci. "Me uwargidanka ta ce?"

Matata ta juyo da Hausa. "Malam, me take faɗa?"

Ni Ingilishina na karanta takardun siminti ne da ƙamus a gefe. Ban gane ko ɗaya cikinsu ba. Na ce wa Madam matata tana godiya da kulawar da ake yi wa yarinya, amma tana ganin a sake dubawa. Na ce wa matata Madam ta yaba da iliminta, amma ta ce tsarin lakwal ne. Aka yi musabaha. A bakin ƙofa Madam ta rage murya ta ce mini yanzu ta gane inda matsalar ta samo asali. A matakala matata ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa duk ƙasar nan babu mai iya nuna wa baƙo hanya.

Ranar Juma'a bayan masallaci muna da wani shagon shayi a Villeurbanne inda muke haɗuwa mu 'yan Nijar, yawancinmu masu digiri ne da ba a san da su ba sai a wannan teburin. Na kawo maganar. Wani Malam mutumin Tawa, dakta a ilimin sinadarai, ya ce Madam ta yi gaskiya.

"Ni tun da aka haifi nawa na hana Hausa a gida. Mi za su yi da ita a nan? Shi ad daidai."

Na san 'ya'yan nasa. In an miƙa musu waya su gaida kakarsu, "bonjur" suke ce mata, ita kuma tsohuwar ta yi ta sa albarka tana tambaya ko layin ne ba kyau. Wani kuma daga Maraɗi ya ce in kai ƙara kotu, shi zai tsara mini hujjoji. Shi ko aure bai yi ba, kuma tun zuwana nake jin saura kaɗan ya kammala kundin digirinsa. Na sha shayina na tafi.

Ita kuwa 'yarmu mai ajin taimako, sai muka lura Alhamis ta zama ranar da take tashi ba a tashe ta ba. Uwar ta zaunar da ita ta ce ta faɗa mata abin da ake koya musu, baƙi da wasali.

Ta ce ba Madam ce ke ajin ba. An bar su da wata budurwa Baturiyar Ingila, ɗaliba, daga cikin waɗanda ake kawowa su yi shekara guda suna taya malamai. 'Yan ajin kuma, ban da yara biyu Faransawa da da gaske ba su san komai ba, akwai wani yaro da iyayensa 'yan Gana ne, da wata yarinya 'yar Pakistan, sai ita. Wato Madam ta bi aji da kunne, ta tsince duk wanda ake Ingilishi a gidansu, ta tura shi gyara.

Ranar farko budurwar ta shigo da katuna masu hoton tuffa da kyanwa. Ta ɗaga tuffa ta tambaya a hankali, kamar mai magana da kurma. Ɗan Ganan ya amsa, ya ƙara da cewa shi ya fi son mangwaro, kuma tuffar kantin ɗin lakwal ba ta da ɗanɗano. Budurwar ta ajiye katunan, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce su waye suka turo ku nan? Daga ranar aka daina katuna. Hira suke yi, su yi gardamar ƙwallo, su yi wasan kwaikwayo, kowa da irin nasa Ingilishin, su kuma koya wa Faransawan nan biyu a tsakiya.

"Ita ma Madam ba ta jin maganarta," in ji yarinyar. "Daga arewacin Ingila take. Madam ta ce mata ta riƙa ƙoƙari tana magana daidai a gaban yara."

Matata ta ce a gayyato mata budurwar nan cin abinci.

Ta zo wata Lahadi da rana, doguwa, da jan gashi da takalmi duk laka. Aka yi tuwon semo da miyar kuɓewa. Ta ce ita da hannu za ta ci, ta ci, yaji ya sa ta hawaye, ta ƙi dainawa. Suka zauna da matata a falo suka buɗe hira, kuma tun da na kawo matar nan ƙasar ban taɓa jin ta yi magana mai yawa haka ba. Suka yi ta dariya a kan abubuwan da ban sani ba. In ɗaya ta faɗi kalmar da ta kuɓuce wa ɗayar, sai a maimaita a wuce, babu wanda ya mutu. Budurwar ta ce tun da ta zo Lyon, awa ɗayan nan ta Alhamis ce kaɗai take jin bakinta ya sake.

Matata ba ta manta abin da ya sa ta dafa tuwon ba. Ta ce mata ta je ta gaya wa hukumar lakwal cewa 'yarmu ba ta buƙatar taimako. Budurwar ta ce ai ta faɗa tun makon farko. An amsa mata cewa an kawo ta ne ta taimaka, ba ta auna ba, aunawa sai wanda ya ci jarrabawar malanta ta ƙasa.

Da hutun sanyi muka tafi Paris wurin wata ƙawar matata tun ta makaranta a Kano. Aikinta renon yara a yammacin birnin, unguwar da ake share titi kafin ya yi datti. Masu gidan lauyoyi ne, kuma sun ɗauke ta ne musamman don tana jin Ingilishi, da sharaɗin kada ta yi wa yaran kalma ɗaya ta Faransanci. Ranar Laraba ta ce mu same ta a wani lambu inda take kai su wasa.

Yara biyu ne, mace da namiji, farare tas, gashi kamar zaren masara. Muna zaune a benci sai namijin ya faɗo daga lilo. Ya taso da gudu yana kai ƙarar yayarsa da Ingilishi, kuma da na rufe ido da na rantse a Fagge nake. Hawa da saukar nan ce, "p" ɗin nan ce da ta zama "f", ya kuma rufe da "wallahi". Matata ta kama hannuna ta matse.

Can sai ga uwar yaran ta biyo daga ofis. Aka gabatar da mu. Ta ji 'yarmu tana rarrashin ɗanta da Ingilishi, sai ta dafa ƙirji ta ce wannan sa'a ce, yaro mai harshe biyu ƙwaƙwalwarsa ta fi ta sauran buɗewa, ita ta karanta haka, shi ya sa take ta wahala a kan nata. Ta tambayi yarinyar wace makarantar ƙasa da ƙasa take zuwa a Lyon.

"Ta unguwarmu," in ji 'yata da Faransanci. "Ina ajin masu rauni a Ingilishi."

Matar ta yi dariya sosai, ta ce yarinyar har da barkwanci.

A jirgin ƙasa na komawa, da muka yi nisa, matata ta juyo gare ni. Sannan ta ce, "Malam, Ingilishina a Paris magani ne, a Vénissieux cuta. Da an koma za ka nemo mana shugaban lakwal."

Shugaban mutum ne da gajiya ta zauna masa a fuska. Na shirya jawabi tun a tiram, mai gabatarwa da rassa uku, yadda aka koya mana. Ban gama gabatarwar ba ya ɗaga hannu. Ya ce ajin taimako ba horo ba ne, dama ce, amma in iyaye ba sa so ai ba dole, kuma ma yana da yaran da ke jiran gurbi. Ya ɗaga waya ya yi magana kaɗan ya ajiye. Shi ke nan. Sauƙin abin ya fi ba ni haushi fiye da a ce ya ƙi. Muka fito, matata tana tafiya kamar wadda ta ci zaɓe, ta tsaya a kasuwa ta sayi kaza.

Da yarinyar ta dawo aka yi mata albishir. Ta dubi uwarta, ta dube ni.

"Wa ya tambaye ni?"

Uwar ta ce ba a tambayar yaro kafin a cire masa ƙaya.

"A nan ne kawai in na yi magana ba a dariya," ta ce. "Yanzu kullum sai ajin Madam."

Ba ta ci kazar ba. Ta daɗe ba ta yi wa uwarta Ingilishi ba, in an yi mata sai ta amsa da Hausa, gajere. Ni kuma Faransanci take mini irin na ma'aikatan banki.

Bayan wani lokaci, wata ranar Asabar ina gyaran famfon banɗaki, na jiyo ta a ɗakinta tana haddar darasi da ƙarfi. Da farko ban gane muryar ba. Ta haɗiye duk "h", tana ƙugin zuma, tana taɓe baki a ƙarshen kowace jimla. Madam ce sak a ɗakin 'yata. Na leƙa kicin, matata na tsaye da wuƙa da albasa a hannu, ba ta yanka, tana saurare. Ta ajiye wuƙar, ta je ƙofar ɗakin.

"Wannan wane irin Turanci ne?"

"Na cin maki ne, Mama."

Makin kuwa ya ciwu. Daga tsakiyar aji ta haura sama, ta zauna can. A gida a hankali ta dawo wa uwarta da Ingilishin Kano, a lakwal kuma ta riƙe na Madam, ba ta taɓa kuskuren saka wannan a wurin wancan ba. Budurwar Ingila ta gama wa'adinta ta koma ƙasarsu kafin zafi ya shigo.

A taron iyaye na ƙarshen shekara Madam ta hango mu ta taso da hannu biyu. Ta ce a duk shekarunta na koyarwa ba ta cika ganin ci gaba irin wannan ba. Yarinyar da ta zo ba a gane maganarta, yanzu ita take sa wa ta karanta wa aji. Ta ce wannan ya nuna amfanin gano matsala da wuri, kuma da mun bar ta ta ƙarasa shekarar a ajin taimako, Allah kaɗai ya san inda za ta kai. Ta ce ta kawo misalinta a taron malamai don a faɗaɗa tsarin. Ta tambaya ko mun bi shawararta ta rage yare a gida.

Na dubi matata. Ta yi murmushi ta ce, "Marsi, Madam," da Faransancinta na kasuwa, ta ja hannuna muka wuce teburin malamin lissafi.

Da lokacin ƙanin ya zo na shiga kwaleji, uwar ta zaunar da shi tun kafin a koma. Shi Ingilishinsa ma ya fi na yayarsa kauri, don ya fi ta daɗewa a gindin uwar. Ta ce masa, "Ka saurare ni da kyau. In ka shiga ajin Turanci, ba ka san komai ba. In an ce ka faɗi sunanka, ka yi jim kamar kana nema. Duk yadda ta faɗi kalma, haka za ka faɗe ta. Kada ka yarda ka san kalmar da ba a koya muku ba. Kowane mako ka saki kaɗan."

Na ce wannan ai koya wa yaro munafunci ne. Ta ce in ina da wata dabarar in kawo, tana ji. 

Yaron ya bi umarni fiye da yadda yake bin na wanka. Shi ma a hannun Madam ya faɗa. Kafin hutun farko ta kira mu da kanta. Ta ce yaron nan yana da baiwar harsuna irin wadda ba a cika samu ba, kalma ɗaya za ka faɗa masa ya riƙe, kunnensa kamar na mawaƙi. Ta ce shi da yake ya zo mata fes, ba a ɓata shi a gida ba, aikin ya zo da sauƙi. Ita da kanta ta tsaya masa, daga baya aka sa shi a aji na musamman da ake ware wa haziƙai, inda har tarihi da Ingilishi ake koyar da shi. A can ya yi sauran shekarunsa na kwaleji.